Wa Ya Zana Tsuntsun Nan?

Abin da ya fara ɗaukar idona tsuntsu ne. Yana jikin ƙwaryar da Kaka take zuba mana gyaɗa, an ƙona shi da ƙarfe mai zafi, baƙi wuluk, fukafukansa a buɗe. Da rana ba ya komai. Amma idan an sauke tuwo, garwashi ya yi ja a murhu, harshen wuta ya ɗan karkata, sai in ga kamar fiffikensa ya motsa. Na taɓa faɗa wa Yaya Nura, ya ce yunwa ce take sa ni gane-gane.

A Unguwar Sarki ta Kaduna muka tashi. Baba tela ne a kasuwa, Kaka kuwa mahaifiyarsa ce, ta baro ƙauyensu na ƙasar Katsina bayan rasuwar kakanmu. Ita ce ta hana murhu mutuwa a gidanmu. Umma ta sha kawo maganar risho, Kaka ta ce tuwon da bai sha hayaƙin itace ba ko kaza ba za ta yi marmarinsa ba. Saboda haka da an idar da magariba, musamman ƙarshen damina lokacin sabuwar masara, sai mu kewaye wutar, mu da 'ya'yan maƙwabta, kowa yana gadin masararsa kada a sauya masa da ƙarama.

Kaka tana da tata hanyar buɗe tatsuniya. Sai ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta dubi ƙofar gida kamar ta hango wani, ta ce, "Ga wata can ta taso daga nesa."

Mu kuma mu amsa, "Ta ƙaraso, mun shimfiɗa mata tabarma."

A cikin duk tatsuniyoyinta, ta Tasalla ce tawa. Wai a wani gari na bakin kogi mata suna zanen ƙwarya, amma al'adarsu ba a faɗin wadda ta zana. Idan baƙo ya tambaya, sai a sunkuyar da kai a ce, a garin nan aka yi. Tasalla ta fi kowa hannu. Wata rana tana wanke-wanke, ruwa ya ƙwace mata ƙwarya mai tsuntsu ɗaya a jiki, ya tafi da ita har wata ƙasa, inda wani ɗan fito ya tsamo ta da sandarsa. Ya ga tsuntsun yana buɗe baki kamar zai yi kuka, amma ba sauti. Wata tsohuwa ta ce masa ba zai yi kuka ba sai mai shi ta amsa cewa nata ne. Sai ya tura kwalekwalensa ya bi kogin sama, gari bayan gari, yana tambaya. A nan Kaka take rera tambayar da ƙaramar murya, mu karɓa mata da tafi: wa ya zana, wa ya zana tsuntsun nan?

Da ya iso garin su Tasalla, matan suka ba shi amsar da suka gada. Ya sake tambaya, suka maimaita. Yana kallo zanen ya fara dusashewa a jikin ƙwaryar. Har ya juya zai koma, sai wata murya daga bayan zana ta ce, "Ni ce." Nan take tsuntsun ya ɓalle daga ƙwaryar ya tashi yana kuka. Sauran matan da suka ga haka kowacce ta ruga ɗaki ta ɗauko tata tana cewa wannan tawa ce, har sama ta cika da tsuntsaye.

Daga nan sai Kaka ta kakkaɓe zaninta ta ce ta ƙare.

"Sai aka yi biki?" in ji ni.

"Wane biki kuma, uwar mafarki?"

"Na Tasalla da ɗan fito mana."

"Ni na ce maki aure ya zo nema? Tambaya ya zo yi, an ba shi amsa."

"To, kyakkyawa ne?"

"Je ki tambayi kifi, su suka daɗe suna kallon shi."

Yaya Nura ya dinga dariya har masararsa ta ƙone. Kaka ta ce, "Ka gani ko, angona? Ka tsaya dariyar mutane, ga abincinka ya zama gawayi."

Na yi shekaru ina jin haushin wannan ƙarshen. Da na girma na faɗa karatun littattafan soyayya, ina karɓo haya a wani shago a Kinkinau duk lokacin da aka aike ni gidan Goggo, in ɓoye su a tsakiyar littafin makaranta. A cikinsu ba a barin saurayi ya tuƙo kwalekwale daga wata ƙasa ya koma hannu wofi. A bangonsu na koyi zane: manyan idanu, doguwar gira, saurayi ya jingina da mota yana kallon nesa. Na cika bayan kwalayen Baba da irin waɗannan fuskoki. Da na samu waya sai na fara sa zanena a intanet, amma ban sa sunana ba, ban sa hotona ba. Shafin ma Ƙwarya na kira shi.

A gidanmu haka aka rene mu. Idan baƙo ya yaba miya ya ce wa ya yi, ba a cewa ni. Murmushi ake yi a ce a nan aka yi. Kuma ina tsoron bakin unguwa, kada a ce 'yar Malam Garba tela ta rasa abin yi sai zanen mutane.

Da na mai da tatsuniyar Tasalla labarin zane, shafi-shafi da 'yan maganganu a saman kawunan mutane, na ba ɗan fito duk kyan da Kaka ta hana shi. Har shafin biki na zana, da amarya da lalle da 'yan rakiya. Na dube shi, na sake duba, na ga ba ya zaunawa. Na cire shi ba tare da na san dalili ba.

Wannan aikin ne ya jawo mini gayyata zuwa babban taron masu labarin zane a Legas. Saƙon ya shigo waya da Turanci, kuma da Mista ya fara. Sun ɗauka namiji ne. Ban gyara musu ba. Baba ya juya maganar kwana biyu, sannan ya ce in je, amma da Yaya Nura. Ya zauna da kansa ya ɗinka mini doguwar riga ruwan toka. Yaya kuma, da yake aikin famfo yake yi, ya yanko bututun roba ya yi masa murfi, muka naɗe manyan zanukan muka zura a ciki.

A tasha yaron mota ya so ya cusa bututun a but ɗin mota tare da buhunan albasa.

"Hajiya, ai wannan kaya ne, ba mutum ba."

"Mutane ne a ciki," na ce masa.

Ya dube ni, ya dubi Yaya, ya matsa gefe. A cinyata bututun ya yi tafiyar nan duka. Da muka hau gadar Lokoja na ga ruwa shimfiɗe har inda ido ya ƙare, da wani kwalekwale ƙarami a tsakiya. Na ce a raina, wa ya sani ko nawa ɗan fiton yana Legas yana jira, da tabarau da murmushi. Na juya in nuna wa Yaya kogin, na tarar ya yi barci baki buɗe.

Zauren taron ya fi duk inda na taɓa shiga girma. Kiɗa ta ko'ina, samari da 'yan mata sun yi shigar jaruman littattafai, wani da takobin kwali, wata da fukafukai har ƙasa. Aka nuna mana teburinmu. Muka baje zanukan, muka jera 'yan kwafin da muka buga a Kaduna. Mutane suka fara tsayawa. Suna daɗewa a kan shafin da tsuntsaye suka cika sama, sannan su miƙa wa Yaya Nura hannu suna jinjina masa. Ni ina gefe a kan kujera, ina gyara mayafi.

"Balki, ki yi magana mana," ya ce a hankali. "Ni fa ko kaza ban iya zanawa ba."

"Don Allah Yaya, ka amsa kawai. Ai duk ɗaya ne."

"Ɗaya ne a gidan wa?"

Haka aka wuni. Har wani ya ba shi biro ya sa masa hannu a kwafi, ya yi wani karce kamar yana rubuta rasit. Ni da bakina na roƙe shi, amma da na ga wannan karcen a ƙasan fuskar Tasalla sai na kawar da kai.

Washegari da hantsi wata mata daga cikin masu shirya taron ta zo da makirufo, ta ce ana son mai Ƙwarya a kan dandamali. Na tura Yaya. Ya hau yana waiwayena. Aka haska shafin tsuntsayen a jikin wani ƙaton allo, ya cika bango, har ina iya ganin inda hannuna ya yi rawa a wani fiffike. Matar ta yi yabo mai tsawo, sannan ta juya ta ce a gaya wa jama'a da baki, wane ne ya zana wannan?

Ta miƙa masa makirufon. Yaya Nura ya karɓa, ya sauke shi ƙasa, ya rungume hannu. Ni kawai yake kallo, irin kallon da yake mini idan na ɓoye masa nama a ƙarƙashin tuwo. Matar ta sake tambaya.

Ban san lokacin da na tashi ba. Amsata ta farko a cikin mayafi ta tsaya, ni kaɗai na ji. Sai na ɗaga kai na ce da ƙarfi, da Hausa, don a lokacin duk Turancina ya gudu, "Ni ce!"

Ba su ji kalmar ba, amma sun gane. Aka dare mini hanya. Ina tafiya tafi yana bina, wata mai fukafukai ta kama hannuna ta taimaka mini na hau matakala. Yaya ya danƙa mini makirufon ya ce, "Karɓi kayanki, na gaji da dako." Na faɗi sunana, Bilkisu Garba daga Kaduna. Na ba su labarin Tasalla da Turancina mai tuntuɓe, kuma da na zo wurin tambayar ɗan fito sai na rera ta yadda Kaka take rerawa. Kafin in kai ƙarshe zauren nan duka, mutanen da ba su san Hausa ba, suna tafi suna amsawa, wa ya zana, wa ya zana. Da na sauko layi ya miƙe a gaban teburinmu har ya karya kwana. Na sa hannu har yatsuna suka yi tsami. Mutumin jiya ma ya dawo da kwafinsa, ya ce a gyara masa.

Ɗan fito dai bai zo ba. Sai a mota, a hanyar komawa, na lura ban ma neme shi ba. A nan na gane abin da ya hana shafin biki zama. Ina yarinya na ɗauka Kaka rowar ƙarshe take mana. Ashe ta kai labarin inda ya kamata ya tsaya.

Muka dawo gida. A lokacin Kaka ta riga ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi rauni. Na zauna kusa da ita na kunna mata muryoyin zauren a waya. Ta saurara har ƙarshe, ta ce a sake. Sannan ta shafa bangon littafin ta ce in karanta mata abin da aka rubuta. Na karanta sunan labarin, na karanta layin da na sa a ƙasa: tatsuniyar gargajiya, daga bakin magabata.

"Waɗanne magabata?" ta ce.

"Waɗanda suka ba ki ita mana, Kaka."

Ta hau murza bakin zaninta. Umma ta tsaya da tsintsiya a hannu.

"Ba wanda ya ba ni," in ji ta. "Ina amarya na ƙaga ta, a bakin rafi, ina wanki. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko kakanku."

Yaya Nura ya ce, "Au, amaryata, ashe ke ma a garin nan aka yi?"

"Rufe mani baki, mai gawayi."

A bugu na biyu na cire wancan layin, na sa: labari, Rakiya Muhammadu. Mu jikokinta da yawa a ranar muka fara sanin sunanta na yanka. Ta rayu wasu shekaru bayan haka. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta haddace inda sunan yake a shafi. Duk matar da ta shigo gaishe ta, daga Katabu ko daga ƙauye, sai ta sa an ɗauko littafin, ta ɗora yatsa a wurin ba kuskure, ta ce, "Karanta da ƙarfi, kunnena ba ya ji sosai." Kunnenta kuwa lafiya lau yake har ranar da Allah ya karɓi abarsa.