Tayoyin Amana

Shekara talatin da ɗaya Mai Faci ya yi yana sana'arsa ta facin taya a wani ɗan shago da ke jikin gidansa, bai taɓa yar da taya ko ɗaya ba. Ba rowa ba ce, ba kuma taɓin hankali ba, ko da yake maƙwabta sun fi karkata ga na biyun. Abin da ya faru shi ne, duk direban da aka sauya wa taya, in zai ja mota sai ya leƙo ta taga ya ce, "Ajiye min tsohuwar, zan dawo." Kowa ya san wannan magana sallama ce kawai. Kowa, ban da Mai Faci. Shi a wurinsa amana aka danƙa masa, kuma babu abin da yake tsoro a duniya kamar ranar da mai taya zai zo ya ce a ba shi abarsa, a rasa.

To, tayoyi suka cika shago, suka kwararo tsakar gida, suka hau saman kwano. 'Ya'yansa da dafa taya suka koyi tafiya. Kaji a ciki suke ƙwai, baƙo mai daraja kuma ta tirela ake ba shi ya zauna. Mai Faci yakan dubi faci ya gaya maka kamannin mai tayar da abin da ya huda ta.

Da damina kowace taya sai ta riƙe ruwanta, sauro ya yi ta hayayyafa. Matarsa ce ke shan wahalar, don damina ba ta wucewa sai zazzaɓi ya kayar da ita sau uku.

"Malam," takan ce, "sauron gidan nan har ya san wajen da ya ciza jiya, sabon wuri yake nema."

"Yi haƙuri, Uwargida. Masu su na nan tafe."

Maimakon masu su, duba-gari ne ya zo, da ludayinsa da takarda. Ya kamfaci ruwa daga wata taya, ya ga 'ya'yan sauro suna ta wutsil-wutsil, ya yamutsa fuska.

"Baba, an yi sabuwar doka. Tsohuwar taya ko a rufe ta a rumfa, ko a huda ta ruwa ya tsiyaye, ko a kai ta juji. Kwana bakwai na ba ka."

"Rumfar da za ta rufe waɗannan sai ta rufe unguwa, Yallaɓai."

"To huda su."

Mai Faci ya dafe ƙirji. "In huda? Ni da na ƙarar da rayuwata ina toshe huji? Kuma kayan mutane?"

Hali zanen dutse. Washegari ya fara gangara tayoyi gida-gida yana neman masu su. Gidan farko mai tayar ya rasu, ɗansa ya yi godiya sosai, ya ce, "Baba, ajiye mana, za mu zo." A gida na biyu suka yaba da riƙon amanarsa har suka ƙara masa da wasu biyu. Ya fita da taya biyu, ya dawo da huɗu.

Ran kwana na bakwai tifar duba-gari ta tsaya a ƙofa. Mai Faci ya shiga ɗaki ɗauko sanda, da niyyar sai dai a kwashe har da shi. Nan ya tarar da matarsa cikin bargo biyu, haƙoranta na kaɗawa, ba ta ko iya yi masa tsiyar da ta saba. Tausayinta ya kama shi, kunya ta rufe shi. Ya jingine sandar, ya fito ya zauna, yana kallo ana lodi, yana neman gafarar kowane mai taya ɗaya bayan ɗaya. Sawu tara tifar ta yi. Da aka gama, suka gano ashe gidan yana da ƙofar baya.

Kwana biyu bayan nan, Uwargida ta samu sauƙi tana shan iska a tsakar gida, sai ga wani tsoho tukuf da sanda ya yi sallama a bakin shago.

"Ɗan'uwa, na zo ɗaukar tayata."

Mai Faci ya ƙura masa ido.

"Ta baya ta hagu? Faci uku, ƙusa biyu da fasasshiyar kwalba?"

"Ita kuwa. Lilo zan ɗaura wa jikoki."

Abin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana tsoro ya auku, amma wallahi tun da matarsa ta san shi ba ta taɓa ganin fuskarsa ta yi haske haka ba. Hawaye na zuba, ya juya ya kwaɗa mata kira.

"Uwargida! Ban gaya miki ba?"

Ya jawo wa tsohon benci, ya zura takalmansa, ya kama hanyar juji. A bakin titi ya waiwayo.

"Zauna nan, ɗan'uwa. Zan dawo."