Umarnin da Yaya Sabi'u Ya Bari a Cikin Suwic

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayana Sabi'u, kuma har yau a Tudun Wada akwai masu cewa da mugunta ya tafi. Ni ƙanwarsa ce, ina koyarwa a makarantar da ya haɗa wa kwamfutoci, kuma maganar nan tana ci mini rai.

Kwamfuta ba ta hawa layin sadarwa sai an ba ta adireshi, wato lambar da ake gane ta da ita. Yaya ya raba layin ofis da na ɗakin jarrabawa don kada ɗalibai su leƙa tambayoyi, amma na'urar da ke raba adireshin a ofis take. Sai ya rubuta wa suwic, akwatin da wayoyin ke haɗuwa, umarni cewa duk kwamfutar ɗakin jarrabawa da ta nemi adireshi, a miƙa roƙonta ofis. Laifinsa ɗaya, bai gaya wa kowa ba. Da ma shi magana wuya take masa.

Bayan rasuwarsa wani ɗan kwangila ya zo daga birni ya ce suwic ɗin ya tsufa. Ni dai ban ga tsufansa ba. Ya ɗauki hoton wayoyin, ya sa sabo, ya mayar da kowace waya raminta, tsohon kuma ya bi shi mota. Ranar jarrabawa ko kwamfuta ɗaya ba ta hau ba. Ɗalibai har daga Doguwa suka koma gida.

A gaban shugaban makaranta ɗan kwangilar ya ce mini, "Malama, ai marigayi kulle layin ya yi don a riƙa kiransa."

Ko bai san aikin ba ne, ko ya sani ya ga mamaci ba ya musu? Na fi zargin na biyun, don da na nemi tsohon suwic a duba sai ya ce ya ɓata.

Daga baya wata injiniya 'yar Kiru ta sake rubuta umarnin a sabon suwic ɗin, komai ya tashi. Ta ce, "Hanya yayanki ya buɗe, su suka cire ta." Na roƙi shugaba ya faɗi haka a taron iyaye. Ya ce a bar marigayi ya huta. Shugaban ne fa ya sa hannu a kwangilar.

Da Yaya na nan, na san murmushi kawai zai yi ya ce in dai yara na rubutu, shi ke nan. Ni ban kai shi haƙuri ba. Tsarinsa na nan yana aiki, bana ma da shi aka yi jarrabawa. Matarsa kuwa har yau in za ta kasuwa zagaye take yi, don kada ta bi ta ƙofar makarantar. Allah Ya jiƙanka, Yaya.