Anti Rediyo da Motar Likita

A ɗakin bakwaini, inda jarirai ke kwance cikin kwalabe, na'urori na ta ƙyafta ido a kansu, akwai wata nas da kowa ke kira Anti Rediyo. Ta fi kowa daɗewa a ɗakin. Kafin a kawo kwamfuta, a bakinta ake jin wane jariri ya ƙara nauyi, wane ja'iri ya fizge robar hancinsa. Da kwamfuta ta zo sai Sista, shugabar ɗakin, ta kafa doka: abin da ba a shigar ba, bai faru ba.

Wata safiya likita ya duba jaririn da ke lungu, ya ce wa uwar yau za a fito mata da shi ta ɗora a ƙirji. Tun da ta haife shi, yatsunsa kawai take taɓawa ta ƙofar kwalba. Da baki likitan ya faɗa, ya fice bai shigar a kwamfuta ba.

Uwar ta sa riga mai maɓalli a gaba, ta zauna jira. Rana na yi mijinta zai zo ya mayar da ita gida.

"Sista, da kunnena na ji fa," in ji Anti.

"Kunnenki ba kwamfuta ba ne, Anti."

Aka kira likita, bai ɗaga ba. Aka tura saƙo a guruf ɗin ma'aikata, ko buɗewa bai yi ba.

Anti ta san mutuminta. Ta leƙa taga, ta ɗauki hoton sabuwar motarsa da ke ƙasa, ta tura masa da tambaya: "Likita, wannan taka ce kuwa?"

Ko ajiye wayar ba ta yi ba ya kira.

"Me ya same ta?"

"Ba ya faɗuwa a waya. Zo ka gani ta tagarmu."

Sai ga shi yana haki. Ta tare ƙofa. "Wanke hannu tukuna, ranka ya daɗe."

Ya wanke, ya ruga taga. Mota na nan lafiya lau.

"Sheƙinta ne ya burge ni," in ji Anti, tana jawo masa kujerar kwamfuta. "Tunda ka zo, ga mai lungu nan."

Ya harare ta, ya kalli uwar da rigarta, ya zauna ya shigar. Sista ta karanta a hankali, tana cije leɓe, sannan ta buɗe kwalbar da kanta.

Jaririn ya lafe a ƙirjin uwarsa. Ita kuwa ko motsin kirki ta kasa yi, sai hawaye.

Anti ta ja musu labule, ta matsa kusa da Sista ta yi ƙasa da murya: "Yanzu ya faru?"