Babbar Riga a Gaban Injin Acha

Shekarar da kamfanin kuza ya sallami maigidana, ana gab da komawa mulkin farar hula, ya mayar da tsakar gidanmu na Dilimi wurin ƙira. Makaniken injinan jan ruwa ne, hannunsa bai iya zama haka nan ba. Ya ce zai ƙera injin surfen acha. Na yi masa dariya, amma duk macen da ta taɓa surfa acha a turmi ta san abin da kafaɗa take sha, don haka na bar masa wajen shanyata.

Abin da ya haɗa ba shi da kyan gani: tsohon injin famfo, rabin ganga, da dogon bel da ke juya gangar. Bel ɗin tsirara yake, ba murfi. Idan aka tayar da shi sai kaji su watse, ni kuma in kulle yara a ɗaki. Tsoronsa nake ji tun ranar farko. Ni ce mai zuba masa acha in yana gwaji, na ga yadda bel ɗin ya taɓa fizge tsumma daga hannuna, ban ma san lokacin da ya tafi ba.

Sai aka ce gwamnati tana ba masu ƙera sabon abu tallafi su kafa ƙaramar masana'anta, amma sai jami'ai sun zo sun ga abin yana aiki. Da tallafin ne za a yi murfin, a kama shago a unguwar Kongo Rasha.

Ranar zuwansu yayan maigida ya iso da sassafe, ya tarar da shi cikin kakin aikinsa mai baƙin mai.

"A haka za ka tarbi baƙin gwamnati? So kake a ce gidanmu ba a san girman baƙo ba? Je ka sa babbar riga."

Na ce daga bakin ƙofa, "Yaya, injin nan ba ya son kaya masu faɗi."

Ya ce, "Zai naɗe hannun rigar a kafaɗa, kamar kowa."

Maigida bai taɓa musu da yayansa ba. Ya sa farar babbar rigarsa ta Sallah. Ni kuwa tunda baƙi maza ne, aka ce in koma ciki. Na tsaya bayan labulen kicin ina leƙe.

Jami'an suka zauna a benci. Babbansu Bayarabe ne mai fara'a. "Oga, tada shi mu gani," in ji shi.

Injin ya tashi. Ban kalli acha ba, ban kalli baƙi ba, kafaɗarsa ta dama kawai nake kallo. Duk sunkuyon da zai yi sai naɗin ya zame, ya mayar da shi da gwiwar hannu. Ina ta salati a zuci. Acha ta fara zubowa fara tas, baƙi suka miƙe suna murna, shi kuma ya duƙa ya ɗebo musu a tafin hannu.

Rigar ta sauka a kan bel.

Na ga jikinsa ya karkace, an ja shi wajen gangar. Maza suka daskare, babu wanda ya san inda ake kashewa. Ban san yadda na fito ba, ko mayafi babu. Taɓarya ce a jingine kusa da ni. Na cusa ta ƙarƙashin bel ɗin na danna da duk ƙarfina, kamar yadda na ga yana yi da ƙarfe in zai cire shi. Bel ya yi tsalle ya faɗi. Gangar ta tsaya.

Rigar ta yage har ƙirji, ta nannaɗe hannunsa, jini yana ɓullowa ta farin yadin. Na durƙusa a gaban yayansa da baƙin ina warwarewa, ban san me zan tarar ba. Yatsun suna nan duka. Fata ce ta saɓule, ƙaramin yatsan kuma ya karye, bai sake lanƙwasuwa ba har ya bar duniya.

Babban jami'in ya dubi bel ɗin da ke yashe a ƙasa. Can ya ce, "Madam, mashin yana aiki. Amma murfi first."

Tallafin ya zo bayan damina. Shagon ya ciyar da mu, ya sa yara a makaranta. Ban taɓa shiga cikinsa injin yana tashe ba. In na kai masa abinci, a bakin titi nake tsayawa in leƙa, sai na ga damtsensa a waje, ba riga mai faɗi a jikinsa, sannan in iya yin sallama.