Gashin Idon Madam Kerbrat

Shekara ashirin da bakwai Madam Maryvonne Kerbrat ta yi a ɗakin gwajinmu, kuma har yau in na tuna abin da aka yi mata sai zuciyata ta tafasa. Ni ke kula da famfunan zuƙe iska, teburina na jikin nata, don haka ganau ne ni, ba jiyau ba.

Aikinmu shi ne auna ƙarfin da ke sa abu biyu su ja juna in sun matso ƙwarai a inda babu iska. A ƙasa akwai girafin, fallen gawayi wanda ba abin da ya kai shi siranta. A sama akwai ɗan ƙwallon zinare da ido ba ya gani sosai, manne a bakin wani siririn tsinke. Girafin ya ja ƙwallon, tsinken ya ɗan sunkuya, mu auna. Amma dole ƙwallon ya zauna cif, gam bai ɓata shi ba. Wannan mannawar ita ce aikin Madam.

Da gashin idonta take yi. Ta tsige guda, ta liƙa a tsinken sakace, ta riƙe numfashi, ta ɗora ƙwallon. Farfesa Aymeric Delcourt, shugabanmu, ya taɓa sayo injin mannawa, sai ya zama murƙushe ƙwallaye kawai ya iya. Aka lulluɓe shi da leda aka tura lungu.

Burin Madam ɗaya ne, kowa ya sani: ta ga sunanta a takardar bincike ko sau ɗaya kafin ta yi ritaya. Da awon girafin ya fito tsaf, Farfesa ya ce mata, "Wannan karon kam kina ciki."

Takarda ta fito da suna goma sha ɗaya, har da wanda bai san inda ƙofar ɗakin take ba. Babu Madam. Aka kuma rubuta wai inji ne ya manna ƙwallon.

Ta tare shi lokacin abincin rana, yana shafa cuku a burodi.

"Farfesa, ina sunana?"

"Haba Madam, ke ma ki duba. Mu gaya wa duniya da gashin ido muka yi? Ai sai a mai da mu abin dariya."

"Au, ƙarya ce ba a yi wa dariya?"

Ya ci gaba da tauna. Wallahi na so in kifa masa kofin shayinsa a riga. Ban yi ba, kuma ban ce uffan ba, wannan kunyar tawa ce.

Ta yi ritaya, ta tafi da tsinken sakacenta. Bayan wata huɗu wasu masu bincike a Holan suka sayi irin injin, suka bi takardarmu layi-layi, ba su sami komai ba. Mujallar da ta buga takardar ta ce mu maimaita awon. Muka yi ta tsige gashin ido har idanunmu suka yi ja, muka lalata ƙwallo arba'in. Ganin da muka sha yi tana mannawa bai koya mana komai ba.

Farfesa ya aike ni ƙauyen su Madam a bakin teku, in tambayo ta yadda take mannawa. Na tarar tana gyaran kifi.

"Ka ce masa ya tambayi injin," in ji ta. "Shi aka rubuta."

Aka janye takardar. Sanarwar janyewar layi uku ce, Farfesa ya rubuta da hannunsa, ya ce kuskuren ya samo asali ne daga ma'aikaciyar da ta haɗa kayan gwajin. A nan ya sa sunanta cikakke, Maryvonne Kerbrat.

Ni na kai mata sanarwar. Ta goge hannu, ta karanta sau biyu.

"To," ta ce, "ya cika alkawari."