Ranar da Inna Ta Kira Sunana

Ni ɗan fari ne, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai" take ce mini, ko ta aiko ƙanwata. Kunya ce irin ta mutanenmu.

Shekarar da ambaliya ta cinye mana shinkafa a fadama, taɓin hankalinta ya tashi. Na dawo Haɗejiya da kyamara, wai zan yi fim a kan abin da gidanmu yake ɓoyewa. Ina ɗaukarta tana tsintar faifan da babu komai a kansa, sai ta ɗago, ta dube ni ido da ido, ta kira sunana sau uku tana dariya.

Da magani ya karɓe ta, na nuna mata abin da na ɗauka. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce wa ƙanwata, "Gaya masa ya goge. Wannan ba ni ba ce."

Fim ɗin bai fita ba, amma na kasa gogewa. Inna ta samu lafiya, alhamdulillahi. Har yau ba ta sake kiran sunana ba.