Kwastomar da Na Yi wa Mijinta Wa'azi

Jiya ina shagona na atamfa a kasuwar Muda Lawal, waya maƙale a kunne ina ciniki da dilan Kano, sai ga wata mata da niƙabi ta shigo.

Kun san halinmu 'yan kasuwa. Nan take na washe baki, na jawo mata kujera, na aika a kawo zoɓo mai sanyi. "Hajjaju! Ya gida, ya yara, ya maigida?"

Ta shaƙe murya ta ce, "Maigida kam ba ma ganinsa. Ya fita yara na barci, ya dawo sun yi barci. Ko maganin hawan jininsa ba ya tsayawa ya sha."

Ni kuwa uban shisshigi, na kashe waya na gyara zama. "Subhanallahi! Wasu mazan sai addu'a. Neman na mene ne in ba don iyali ba? Ki gaya masa in ji ni, ya ji tsoron Allah."

Ta ɗaga niƙabi. Maman Ilham ce, matata.

Ta ajiye min maganin a tebur ta ce, "To, saƙonka ya iso. Ashe kana da haƙora, Baban Ilham?" Ta shanye zoɓon, ta zaɓi atamfa mafi tsada, ta fita.

Yau ana idar da La'asar na rufe shago. Ilham na ganina ta ruga ciki: "Mama, Baba ya dawo da rana! Ba shi da lafiya ne?"

'Yan'uwana 'yan kasuwa, ku faɗi gaskiya: fara'ar nan da muke rabawa a shago, ana kai ragowarta gida kuwa?